Kafin namiji ya je kemis a yi masa allurar karfi, ya duba LH dinsa tukun

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina yi maka fatan alheri kai da duk ma'aikatan wannan jarida. Dan Allah ka bani dan fili in yi magana a kan wani abu da maza ke jin kunyar fada da baki amma kullum sai mun gan shi a rubuce a takarda, mu da muke aiki a dakin gwajin jini. Maganar karancin sinadarin maza ce, wato testosteron, musamman ga wanda ya taba samun rauni ko ciwo a maraina, da kuma yadda ake karanta sauran lambobin da ke zuwa tare da shi, na wasu sinadaran jini da ake kira LH da FSH da furolaktin. Ni dai ba likita bane, aikina in debi jini in auna in fitar da sakamako, amma yadda nake mika wa mutane takardun nan ina ganin abin da suke zuwa su yi da su daga baya ne ya sa na ga shirun ya isa haka.

Abin da na lura shine namiji in ka ba shi takardarsa idonsa wuri daya yake zuwa, layin testosteron. Da ya ga an buga L a gefe, wato alamar ya yi kasa, shikenan magana ta kare, daga nan sai kemis, sai allura. Layuka biyu ko uku da ke kasa ko kallonsu ba ya yi, alhali su ne ke gaya maka inda matsalar take. Lambar testosteron ita kadai abu daya ta sani, sinadarin ya yi kasa. Bata san dalili ba, kuma maganin mutum biyu masu lamba iri daya yana iya zama daban kwata-kwata.

A gindin kwakwalwa, daidai bayan hanci ta ciki, akwai wata 'yar mitsitsiyar kwaya da bata wuce girman wake ba, likitoci na ce mata fituwitari. Ita ke sako LH da FSH cikin jini, ita ma umarni take karba daga wani sashen kwakwalwa da ke samanta. LH in ya isa maraina sai ya sa wasu kwayoyin halitta da ake kira Leydig su hada testosteron. FSH kuma nasa aikin na bangaren haihuwa ne, yana zaburar da wasu da ake kira Sertoli, su ne ke renon kwayoyin maniyyi har su nuna. In testosteron ya wadata a jini kwakwalwa tana ji, sai ta sassauta LH. Haka ma in ana hada maniyyi lafiya lau, maraina na fitar da wani sinadari mai suna inhibin B da ke sa fituwitari ta rage FSH. Kamar mai sallama ne a kofar gida, in an amsa masa ya yi shiru ya jira, in ba a amsa ba ya kara daga murya, ya kara, har sai makwabta sun ji.

Toh a nan ne mutane ke karanta takardar a juye. Mutumin da marainansa suka lalace, testosteron dinsa zai yi kasa, LH da FSH kuma su haura sama, wani lokacin ninki biyu ko uku na iyakar da aka rubuta a gefe ko ma fiye. Sai ka ga mutum ya rike takarda hannunsa na rawa yana cewa Malam an ce min wadannan daga kwakwalwa suke fitowa, kuma ga H a kansu, alamar sun yi yawa, ko wani abu ne ya fito min a kai? A'a Malam. LH mai yawa tare da testosteron kadan alama ce ta fituwitarinka lafiyarta kalau, aikinta take yi, tana kira ba a amsa mata. Matsalar tana kasa. Irin wannan mutumin yawanci ba shi da bukatar hoton MRI na kai, kudin da zai zuba a can gara ya kai wajen likitan mafitsara a duba marainan da hannu, a auna girmansu, in ta kama a yi sikanin, a yi gwajin maniyyi.

Abubuwan da ke lalata maraina a wajenmu ba boyayyu bane. Hatsarin babur na kan gaba, mutum ya bugu da tanki, wurin ya kumbura ya yi baki, kunya ta hana shi fada a asibiti, a daure masa karayar kafa a sallame shi, abin da ke cikin wando kuwa sai ruwan zafi da man shafawa a gida. Akwai bugun kwallo, akwai shurin dabba ga masu kiwo. Sannan akwai murdewar maraina, wadda ta fi kama samari, ciwo ne da ke zuwa farat daya sau da yawa cikin dare, har da amai, daya ya dage sama ya yi tauri. Wannan igiyar da ke kai masa jini ce ta murde, kuma awa shida ake da ita, in an yi aiki cikin awa shidan nan yawanci ana ceto shi, in aka kwana aka wuni ana shan maganin sanyi ko na basir toh sai dai a cire ko ya shanye a hankali. Iyaye dan Allah, yaro ya tashe ku da dare yana rike da gabansa yana kuka, ba na jiran gari ya waye bane.

Sai hangum. Mu mun dauke shi ciwon yara, a shafa abu a kumatu a jira ya wuce, kuma ga yara kanana haka din ne galibi. Amma in ya kama namijin da ya balaga, kimanin kashi 15 zuwa 30 cikin 100 yana sauka musu maraina, kwana kadan bayan kumburin kumatu sai zazzabi ya dawo, wurin ya kumbura da zafi, bayan watanni wasu su ga dayan ya kankance. Yawanci gefe daya yake kamawa, shi ya sa ba kowa ke rasa haihuwa ba, amma in ya kama duka biyun matsala ce babba. Kuma rigakafin hangum ba ya cikin jerin alluran da ake yi wa yara kyauta a Najeriya, don haka har yanzu yana yawo a makarantun kwana. Bayan wadannan akwai sikila, akwai maganin cutar kansa, wato ciwon daji, da gashin da ake yi wa masu ita, akwai wanda aka haifa daya bai sauko ba aka bar shi har ya girma, akwai kuma wanda tun halitta ne, masu abin da ake kira Klinefelter, kusan namiji daya cikin 600, marainansu kanana ne masu tauri kuma FSH dinsu na can sama, da yawansu ba sa sani sai an yi aure shiru-shiru ba haihuwa.

Wani abin da ya kamata a sani, guda daya mai lafiya yakan isa. Mutum an cire masa daya ko ya shanye, sau da yawa testosteron dinsa daidai yake kuma yana haihuwa. Wani kuma za ka ga testosteron daidai amma LH ya dan haura, wato marainan na bada abin da ake so amma sai an matsa musu, irin wannan ba a yi masa allura, bibiyarsa ake yi lokaci-lokaci don wata rana suna iya gajiya. Wani kuma FSH ne kadai ya hau, LH da testosteron suna nan yadda suke, karfinsa kalau gemunsa kalau, babu abin da yake ji a jikinsa. Wannan bangaren hada maniyyin ne ya tabu, don ya fi na hada testosteron saurin lalacewa, zafi ko ciwo kadan ya isa ya taba shi. Shi wannan abin da yake bukata gwajin maniyyi ne, ba maganin karfi ba.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, don shi ne ke wucewa ba a gani ba. A ce mutum ya zo da takarda, testosteron 180 ng/dL, wato ya yi kasa sosai, LH kuma 3, FSH 4. Babu H babu L a kansu, injin ya ce suna cikin iyaka. Sai mai karantawa ya ce ai wadannan nomal ne, a bar su. Wallahi ba nomal bane. Iyakar nan da ake bugawa a gefen takarda, wadda ta LH ke kamawa daga wajen 1.5 zuwa wajen 9 gwargwadon injin da aka yi amfani da shi, ta mutumin da testosteron dinsa ke daidai ce. In testosteron ya fadi haka fituwitari mai lafiya dole ta daga LH. In bata daga ba, ta zauna a 3 kamar ba abin da ya faru, toh ita ce bata aiki yadda ya kamata, ko wani abu ya danne ta. Kuma abin da ke rikita mutane shine mai tarihin rauni, da ya ce ai na taba buguwa a wurin shekarun baya sai kowa ya ce yauwa ga dalilin nan, a rufe fayil. Amma in da buguwar ce dalili da LH ya hau. Tunda bai hau ba sai a nemi wani abin daban, ko kuma abu biyu ne suka hadu. Mai hatsarin babur din nan, ai ba gabansa kadai ya bugu ba, kansa ma ya daki kwalta, kuma sananne ne a wajen likitoci cewa buguwa mai karfi a kai tana iya taba fituwitari, abin ya fito bayan watanni.

Abubuwan da ke danne ta kuwa wasunsu a aljihun matasanmu suke. Tiramol da kodin da duk danginsu suna kashe kiran nan tun daga sama, LH ya kwanta, testosteron ya bi shi. Abin takaicin shine da yawa don harkar iyali suka fara shan tiramol din, wai yana sa a dade, shekara ta zagayo sha'awar ma gaba daya ta tafi, sai a kara yawan kwayar. Gwamnatin tarayya ta hana sirof din kodin tun 2018 amma kowa ya san bai bace ba. Sai dekisa da firednisolon da ake sha ba bisa ka'ida ba don ciwon gabobi ko don a yi kiba. Sai teba, musamman ta ciki, da ciwon suga, da masu munsharin da numfashinsu ke daukewa cikin barci. Masu sikila da aka sha kara musu jini, sinadarin karfe na iya taruwa ya zauna a fituwitari, su nasu yakan zo a gauraye, sama da kasa. Duk wadannan in an cire dalilin sau da yawa jiki na dawowa da kansa, mutum ya bar tiramol ko ya rage teba sosai lambobin su tashi ba tare da allura ko daya ba.

Furolaktin kuma shi ne sinadarin da ke kawo wa mai jego ruwan nono, maza ma suna da shi kadan. In ya yi yawa yana danne LH. Wasu magunguna na daga shi, irin maganin amai metokulofiramaid da wasu magungunan tabin hankali, kai ko tsoron allura da tashin hankali na iya dan daga shi, shi ya sa in kadan ya hau ake sakewa. Amma in ya hau sosai, ko ya ki sauka, ana tunanin wani kari ne a jikin fituwitari da ke fitar da shi. Kar a tsorata da kalmar kari, kusan duka ba kansa bane, kuma da kwaya ake maganinsa, buromokiriftin ko kabagolin, yana motsewa, testosteron ya dawo, haihuwa ta dawo. Matsalar mu maza ba ma zuwa da wuri. Mace al'adarta na daukewa ta garzaya asibiti, namiji kuwa sai ya yi shekaru yana shan maganin maza na cikin kwalba, sai karin ya girma ya danne jijiyar ido ya fara ciwon kai, ya daina ganin gefe da gefe, mai keke ya zo ta hagunsa bai gan shi ba. Ga wanda testosteron dinsa ya gaza 150 ng/dL kuma LH bai hau ba, ko furolaktin ya tsaya a sama, ko yana da ciwon kan nan da matsalar gani, wannan shi ne mai bukatar MRI da gaske, kuma a duba masa sauran sinadaran da fituwitari ke kula da su, na makoshi da kotisol.

Kafin ma a kai ga duk wannan fassarar, sai an tabbata jinin an debe shi daidai, kuma a nan mu ma'aikatan dakin gwaji muna da namu laifin in bamu yi wa mutum bayani ba. Testosteron da safe yake kai kololuwa, zuwa yamma ya sauka, musamman ga matasa. Ana diban jinin ne tsakanin karfe 7 zuwa 10 na safe, kafin a karya. Sai mutum ya taso daga kasuwa karfe hudu na yamma, ya ci shinkafa ya kora da lemon kwalba mai sanyi, ya zo ya mika hannu, alhali zaki kadai na iya sauke lambar da kusan kashi daya cikin hudu na dan lokaci. In ka ce masa ya dawo gobe da safe ya ce shi daga nesa yake, kudin mota fa. Na gane, amma kudin gwajin da zai biya a banza ya fi kudin motar. Kuma ba a yanke hukunci da gwaji daya, dole a sake a wata safiyar daban, don kusan kashi 30 cikin 100 na wadanda na farko ya nuna kasa in an sake sai a ga daidai. Wanda ke kwance da zazzabin maleriya ko taifot, ko bai dade da fitowa daga tiyata ba, ya bari ya warware tukun, jiki in yana fama da ciwo ajiye harkar nan yake yi gefe, LH da testosteron duka su sauka. Mai gadi ko nas da ke kwana a wajen aiki ya gaya wa likita, don tashin sinadarin da barci yake tafiya ba da agogo ba. Mai shan kwayoyin gyaran gashi masu bayotin da yawa shi ma ya fada, yana rikita wasu injinan.

Sai maganar ma'auni, karama ce amma ta sha firgita mutane. Wani dakin gwajin da ng/dL yake rubutawa, wani da nmol/L, wani ma da ng/mL. Kungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta sa 300 ng/dL a matsayin iyaka, kuma shi ne kimanin 10.4 nmol/L, shi ne kuma 3 ng/mL. Mutum ya yi gwaji a wani wuri ya ga 320, ya sake a wani ya ga 11, ya zo a guje wai ya zube cikin wata daya, alhali abu daya ne. A dinga duba haruffan da ke bayan lambar. Ga masu teba da masu suga kuma akwai wani furotin a jini mai suna SHBG da ke rike testosteron, nasu yakan yi kasa sai jimillar ta fito kadan alhali wanda jiki ke amfani da shi ya isa, tsofaffi da masu ciwon hanta kuma nasu ya yi yawa sai abin ya juye. In lambar na bakin iyaka likita na iya neman a auna shi.

Malam Edita abin da ya sa na dauki alkalami dai shine allurar nan. Sustanon da danginta, ana sayar da su kamar farasitamol, wani a kemis din ma za a tsira masa, wasu a wajen daga karfe suke samu. In ka sa wa jiki testosteron daga waje, kwakwalwa bata san daga kwalba ya zo ba, ita dai ta ji ya wadata, sai ta dauke LH da FSH, su koma kusan sifili. Da sun dauke maraina sun daina aiki, su fara kankancewa, hada maniyyi ya tsaya. Testosteron din da ake bukata a cikin marainan kansu don hada maniyyi ya ninka na cikin jini sau da yawa, kuma allura bata kai shi can, LH ne kadai ke sa a hada shi a wurin. Har gwada allurar nan aka yi a kasashe da dama a matsayin maganin hana haihuwa na maza, Hukumar Lafiya ta Duniya na cikin wadanda suka yi binciken, kuma ta yi aiki. Toh ka duba, mutum shekara uku da aure ba haihuwa, aka ce masa ai karfinka ne ya yi kasa, aka dora shi a kan abin da ke hana haihuwa, yana jin karfi a jikinsa yana murna, matarsa kuma na can ana ta bata jike-jike ana kai ta wankin mahaifa, dangi na zuga shi ya kara aure. In ya daina allurar yawanci abin na dawowa, amma ba yau ba gobe ba, watanni ne, wani shekara daya wani har biyu, don kwayar maniyyi daya ma kwana wajen 74 take dauka kafin ta nuna. Wanda kuma dama marainansa raunana ne ya kara musu da wannan, shi nasa dawowar ba tabbas.

Kuma allurar na bata mana gwajin gaba daya. Mutum ya yi ta sati biyu da suka wuce, bai fada ba, muka auna muka ga LH 0.2, FSH 0.3, likita ya ga takarda ya dauka fituwitari ta mutu ya rubuta MRI. Ko kunya ce ko tsoron fada ne oho, amma dan Allah in ka yi ka fada, da sunanta da ranar da aka yi maka ta karshe. Maganin gargajiya na kwalba da na leda da ake talla a mota da lasifika shi ma a fada, don ba ka san me aka zuba a ciki ba, an sha kama irinsu da sinadarin Viagra a boye. Ita Viagra din ma jini take kaiwa gaba, bata kara testosteron ko digo, abu biyu ne mabambanta.

Ba ina cewa testosteron ba magani bane. Wanda marainansa biyu suka lalace da gaske, gwaji biyu na safe suka nuna kasa, LH na sama, yana fama da kasala da daukewar sha'awa, wani har nono ya fara fito masa ko zufa ta dinga karyo masa da dare, wannan yana bukatarsa, kuma in an bar shi haka kashinsa ne zai yi ta rauni, jininsa ya yi kasa. Shi kwayar kulomifin da allurar hCG da ake ba wasu don a zaburar da maraina yawanci ba za su yi masa komai ba, tunda aikinsu kara kira ne, shi kuwa kiran ya riga ya yi yawa. Su wadannan na mai LH kasa ne da ke neman haihuwa. Kaga kenan layin da ba a kallo din nan shi ke raba wa zai sha wane. Kuma ko wanda ya cancanci allurar, in yana da burin haihuwa a fara maganar maniyyi kafin a fara, sannan a dinga duba PCV dinsa, wato ma'aunin yawan jajayen kwayoyin jini, don testosteron na sa jini ya yi kauri, in ya wuce 54 ana dakatarwa, wanda ya manyanta kuma a yi masa gwajin jini na PSA saboda furostet, wata kwaya da ke karkashin mafitsarar namiji. Wane kemis ne zai yi maka wannan?

Akwai kuma wanda komai nasa zai fito daidai, testosteron, LH, FSH, girman maraina, amma a duba maniyyi ba a ga kwaya ko daya ba. Wannan galibi hanya ce ta toshe, sau da yawa tsohon ciwon sanyi ne da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko tarin fuka da ya sauka can, ko tabon wani aiki da aka taba yi a wurin. Ana hadawa a ciki, fita ce babu. Labarinsa ya fi na mai FSH a sama dadi, don ana iya gyara hanyar ko a debo kwayoyin kai tsaye. Amma ba za a gane ba sai ya yarda ya bada maniyyin, kuma nan ne maza ke tirjewa, a kawo mace ta yi gwaji goma shi ko daya ya ki, alhali kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki. Gwajin ma ba wahala, kwana biyu zuwa bakwai ba a kusanci iyali ba, a kawo cikin awa daya, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa miliyan 16 a kowace mililita a matsayin iyakar kasa, kuma shi ma in ya fito ba kyau sakewa ake yi bayan wata uku kafin a ce komai.

Rokona ga 'yan uwana masu dakin gwaji, in an rubuto testosteron kadai ga mutumin da ke da tarihin ciwo a maraina mu dinga tuna wa likitan LH da FSH, jini daya ne ba sai an sake huda mutum ba, kuma mu dinga rubuta karfe nawa aka debi jinin a jikin takardar. Masu kemis kuma su ji tsoron Allah su daina tsira wa mutane allurar nan ba takardar likita. Shi kuma mai matsalar, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, duk suna da likitocin mafitsara da na sinadaran jiki, wadanda ke duba masu suga da makoko. In za ka je ka tafi da duka takardun gwajinka har da tsofaffin, da kwalayen duk abin da kake sha ko ake yi maka, ka kuma tuna shekarar da ka yi hangum ko hatsarin, da ko ka suma a lokacin.

Na gode da wannan fili, Allah ya kara daukaka.

Naka,
Wani ma'aikacin dakin gwajin jini, daga Zariya